Luguden Takalmi a Ɗakin Hajjo

Na Bara'atu Maigandi

Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo tun jiya, duk na gani. Wadda ta ce in ban sako shafin nan yau ba za ta biyo ni har gida, ki taho da mafici, don wutar unguwarmu ta yi yaji. Sabbin shigowa kuma ga inda muke: Nuriyya ce, 'yar Alhaji Gazali na Ƙofar Taramniya. Ta gama jami'a tana jiran bautar ƙasa, tana jinyar kakarta Hajjo da ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya rufe tun bayan sallar layya. A ɗakin jinyar nan take koyon rawar takalmi mai ƙarfe ta bidiyon waya, kuma ban da uwarta ba wanda ya sani.

*

Ana idar da sallar la'asar Nuriyya ta jingina wayarta da gwangwanin madara, ta sunkuya ta janyo tsohon ƙyauren kicin daga ƙarƙashin gadon Hajjo. Ta shimfiɗa shi a tsakar ɗaki, ta tokare shi da naɗaɗɗiyar tabarma don kada ya zame a kan tayil.

Sannan ta ciro takalman daga cikin buhu.

Takalman sakandarenta ne, baƙaƙe. Mai gyaran takalmi na bakin titi ne ya buga musu ƙarfe gaba da diddige, yana yi yana yaba mata tattali, wai yaran yanzu ba su san a hana takalmi cinyewa ba. Ita dai ta ce masa Allah ya saka.

"Hajjo, yau sai na kama shi," ta ce tana ɗaure igiya. "In ban kama shi ba, ki ce ba ke kinka rene ni ba."

Hajjo na kwance rigingine, fuskarta na kallon bango kamar kullum. Ba ta motsa ba.

Malamar waya ta bayyana, wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka, kanta fari fat da furfura, ƙafafunta kuwa sai ka ce na 'yar shekara ashirin. Ta ce a sassauta gwiwa. A saki idon sawu. A ɗora nauyi a kan gaban ƙafa. A shari katako gaba, a sharo shi baya, a sauya ƙafa, a sauke diddige.

Sharar gaba da baya Nuriyya ta iya ta tuni, har tana yi tana shafa wa Hajjo man zafi. Sauke diddige ma ba laifi. Haɗa su ne ya gagare ta. Kullum sai ta riga malamar isa, ta ƙare tana jiran ta kamar wadda ta zo biki kafin a kafa rumfa.

Ta fara. Dum, ƙwas-ƙwas, dum. Dum, ƙwas-ƙwas, dum.

To, bari in gaya muku abin da Nuriyya ba ta sani ba.

Kun san ƙafar ɗan koyo nauyi gare ta. Malamar waya in ta taka, sai ka ji kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Tamu kuwa in ta sauke diddige a kan ƙyauren nan, wallahi ko ni na ji ta bayan katanga cewa zan yi gero ake sussuka. Alhaji Gazali kuma ɗan Wamakko ne, da ƙarar turmi ya girma. Tun ranar da ya dawo ofis ya zauna a falonsa na waje ya jiyo dum, ƙwas-ƙwas daga sashen uwarsa, ya yanke wa kansa hukunci. Nuriyya ce ke daka wa kakarta fura, har da ɗan lugude a gefen turmi.

Da yamma Umma Mariyatu ta kai masa fura a kwano, ya kurɓa ya lumshe ido ya ce, "Hurar hannu daban ta."

Umma ta buɗe baki, ta tuna, ta rufe.

Daga nan labari ya bazu. Ya faɗa a ofis. Ya faɗa a ƙofar masallaci. Ya faɗa wa mai wankin motarsa da bai tambaye shi ba. Yau Asabar kuwa da ya je duba gonar shinkafarsa a Wamakko, ya sa aka zaɓo masa sabon turmi na kirya da taɓarya, ya saka a but ɗin mota, wai tukuicin 'yar albarka. Kuma da kansa zai kai mata.

Shi ya sa babban mutum da shi, cikin farar shadda, ya ratso tsakar gida yana mirgina turmi, taɓarya a kafaɗa, yana murmushi shi kaɗai. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin Hajjo, ƙarar ƙarfe ta cinye sallamar. Ya tura turmin ciki ya ɗaga labule.

Nuriyya na tsaye a kan ƙyaure, hannaye a buɗe, ƙafa ɗaya a sama.

Turmin ya suɓuce masa, ya gangara ya ture tabarmar, ya je ya tsaya jikin gadon Hajjo. Ba wanda ya kalle shi.

Alhaji ya dubi hagu. Ya dubi dama. Har bayan ƙofa ya leƙa.

"Ina turmin?"

"Wane turmi, Baba?"

"Turmin da kika daka ciki."

"Ni ba ni daka, Baba."

Sai a lokacin idonsa ya sauka a kan ƙafarta. Ta sauke ta a hankali, ƙarfen ya ce ƙwas.

"Wanga mi na ga ƙahwarki?"

"Takalmi na."

"Na san takalmi na, ba makaho ni ba. Takalmi cikin ɗakin uwata? Bisa ƙyaure?"

Malamar waya da ba ta san ana yi ba ta tafa hannu, ta ce wan, tu, tiri, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Kashe mani matar ga."

Nuriyya ta kashe. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fankar caji.

"Rawa ta, Baba," ta ce, tun kafin ya sake tambaya. "Ta ƙahwa. Ƙarhen ga shi ka ba da sauti. Koyo nika yi ta waya."

"Rawa."

Ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Ya jingine taɓaryar da bango, ya juya ya ɗaga murya.

"Mariyatu."

Umma ta taso daga kicin hannu duk garin kuka, tana ganin turmi da ƙyaure ta san ranar da take gudu ta zo.

"Alhaji, lahiya?"

"Hurar da nika sha kullum, wa ka daka ta?"

"Alhaji..."

"Wa ka daka ta?"

"Ta Hindu ta. Mai kawowa da marece."

Allah sarki, na tausaya wa bawan Allah nan. Ba fushin ne ya fara zuwa masa ba, kunya ce. Ya cire hula, ya share gumi, ya mayar da ita a karkace.

"Nit tsaya gaban mutanen masallaci," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Nit tsaya gaban Yaya Malam. Nic ce ɗiyata mai digiri ita ka daka ma kakarta hura da hannunta, babu inji, babu 'yar aiki. Anka yi ta sa maki albarka. Ashe tsalle kika yi bisa ƙyaure."

"Ban taɓa ce maka daka nika yi ba, Baba."

"Ke, yi ma babanki shiru," in ji Umma.

"Bar ta. Ai ta girma." Ya miƙa hannu. "Cire ki ba ni."

Nuriyya ta zauna a bakin ƙyauren ta kwance igiyar. Ba ta bari hawaye ya sauko ba. Ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa da yatsu biyu, ya soke su a hammata.

"Ki haɗa kayanki. Gobe Arkilla za ki, wurin gwaggonki Zaituna, hat ta ran da za a kira ku bautar ƙasa. Jinyar Inna a samo wata."

Nan ne abin ya soke ta. Takalmi a ƙona shi ma, wani mai gyaran yana nan. Amma Hajjo ce ta yaye ta, a bayan Hajjo ta yi wayo, kuma tun da ciwon nan ya zo ba hannun da tsohuwar ke yarda ya juya ta ko ya ba ta abinci sai nata. Anti Zaituna ta gwada, Hajjo ta kwana da yunwa.

"Baba, in yi magana?"

Ba ta jira izininsa ba.

"Ɓoyewar da niy yi laihi na, ka yahe mani. Amma abin ga ba ni jin kunyatai." Tana durƙushe, kanta dai a ɗage. "Ba gaban maza nika yi ba. Babu kiɗi, babu waƙa, babu mai ɗaukata hoto. Ni da ɗaki da Hajjo. Babu mai koya shi duk garin ga, ni nik koya ma kaina. Ƙahwata ta kumbura, nig gasa ta da ruwan zahi nit tashi. Da farko ko tsayuwa bisa ƙahwa guda ban iyawa. Yanzu ina iya abin da ban zaci jikina na iyawa ba, kuma ina jin daɗinai."

"Kin gama?"

"Saura guda. Ba don Hajjo nif fara ba, don kaina na, ba ni yi maka ƙarya. Amma tambayi Umma yaushe Hajjo ka karɓar abinci."

Umma ta sunkuyar da kai. "Sai an gama bugun ga, Alhaji. Da sahe ko kunu ba ta buɗe ma baki."

"Kuma ina ganin yatsanta cikin zane," in ji Nuriyya. "Shina motsi in ina yi."

"Kak ki sa uwata cikin shashancinki." Yanzu kam fushin ya iso. "Mace tana kwance ba ta iya cewa a bari, ke kina cika mata kunne da ƙarhe, kuma ki ce so taka yi? Gobe da sahe. Na gama magana."

Ya juya. Ya kama labule.

Ƙwas.

Ya tsaya, ya dubi takalman da ke hammatarsa, ya dubi Nuriyya da ke durƙushe ba takalmi.

Ƙwas-ƙwas.

Daga gado ne.

Hajjo ta juyo da fuskarta daga bango. Hannunta na hagu, mai lafiyar, ya zaro daga cikin zane ya sauka a kan sabon turmin. Ta shafa bakinsa kamar mai duba kaya a kasuwa. Sannan ta buga masa tafin hannu, ta bi da zoben azurfarta a gefe.

Dum. Ƙwas-ƙwas.

Ta ɗaga hannun sama ta riƙe shi can.

Dum.

Umma ta dafe ƙirji tana salati a hankali. Hajjo ba ta kalli kowa ba. Ta sake. Dum, ƙwas-ƙwas, hannu a sama, dum. Ba ƙarfi a bugun, amma bai kauce ko kaɗan ba.

Alhaji Gazali ya saki labulen. Ya tako kamar mai tsoron kada ya tashi jariri, ya tsuguna gaban gadon, shaddarsa na shan ƙurar turmi.

"Inna."

Dum. Ƙwas-ƙwas. Shiru. Dum.

"Wanga nata na," ya ce, ba tare da ya juyo ba. Muryarsa ta canja. "Wanga luguden Inna na. Muna gona ni da Yaya, rana ta kai tsaka, mata na daka ko'ina cikin gari, amma muna jin wanga mun san namu na. Mu aje kalme mu sheƙo gida, hura ta yi."

Ya nuna hannun uwarsa.

"Shirun ga da taka yi, nan na taka jehwa taɓarya sama ta tahwa hannu, kahin ta cahe. Mata da yawa sun gwada, sai su yi gaggawa taɓarya ta buge su."

Kalmar ta tsaya wa Nuriyya a rai. Gaggawa. Abin da malamar waya ke ta nanatawa ke nan, a jira, a bar wurin a buɗe, ita kuwa tana ɗaukar shirun ɓata lokaci ne. Ashe duk watannin nan tsohuwar na kwance tana jin ta tana cinye wurin tafi, ba bakin da za ta gyara mata.

Hajjo ta daina bugu. Idonta ya sauka a kan takalman da ke hammatar ɗanta. Ta dube su, ta dube shi. Irin kallon da ko ka yi furfura in uwarka ta yi maka sai ka gyara zama.

"Inna, rawa ta hwa," ya ce. "Ta Turawa."

Ƙwas, ta ba turmin da zobe. Guda ɗaya, mai kaifi.

Ni dai ban san me ya gani a idon nan ba. Na dai ga ya zaro takalman, ya juya su ya kalli ƙarfen, ya ajiye su a gaban Nuriyya. Wannan karon da hannu biyu.

"Sa."

"Baba, Arkilla..."

"Nic ce ki sa."

Ta saka. Ta ɗaure. Ta hau ƙyauren, ya zame gefe har ta yi taga-taga, don turmi ya riga ya kore tabarmar da ke tare shi. Umma ta yunƙura za ta ɗauko, Alhaji ya riga ta. Ya ja gwiwa ya dafe bakin ƙyauren da tafukansa biyu, mutumin da ko kofin shayinsa ba ya kaiwa kicin.

"To, na riƙe."

Nuriyya ba ta kunna wayar ba. Ta kalli Hajjo.

Dum, in ji turmi. Ta sauke diddige.

Ƙwas-ƙwas. Ta shari katako gaba da baya.

Hannun Hajjo ya tashi sama. Ƙafar Nuriyya ta so ta gudu kamar kullum, ta danne ta, ta jira, ta jira har sai da hannun ya fara saukowa.

Dum. Tare suka sauka.

Ta kama shi. Abin da ya hana ta sakat tun kafin azumin tsofaffi, ga shi ya zauna daram a ƙafarta kamar dama can nata ne. Ta sake, ya zauna. Ta sauya ƙafa, ya zauna. Nauyin nan na ɗan koyo ya ragu, sautin ya fito tas, har ta ji kanta na ƙara tsawo. Da ta kai ƙarshen abin da ta iya ta tsaya tana haki, gumi na bin wuyanta, tana dariya hawaye na zuba.

Bakin Hajjo ya motsa. Gefe ɗaya ne ya ɗaga, ɗayan ya ƙi. Ta yi ta kokawa da shi, kowa ya riƙe numfashi.

"Ƙ... ƙara."

Ƙasa-ƙasa ta fito, a karye, amma ta fito. Kalmar farko tun sallar layya.

Umma ta zube zaune a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Alhaji bai saki ƙyauren ba, don haka bai samu hannun share fuskarsa ba, hawayen suka bi gemu suka ɗiga a kan katako. Ya ɗago ya dubi 'yarsa daga ƙasa, kallon da bai yi mata ba ko ranar da ta karɓo digiri.

"Kin ji abin da kakarki tac ce."

Nuriyya ta gyara tsayuwa. Turmi ya ce dum. Ta bi.

Suna cikin zagaye na biyu aka yi gyaran murya a tsakar gida.

"Assalamu alaikum. Gazali, kana ciki? Ga ni na zaka shan hurar ɗiyar tamu."

Ƙafar Nuriyya ta daskare a sama.

Malam Abdulshakur ne, yayan Alhaji, babban ɗan Hajjo, mai jan sallah a masallacin unguwa. Mutumin da a gidansa ko rediyo aka sako kiɗa sai an kashe, wanda Alhaji da girmansa ba ya zama sai ya ce masa zauna. Kuma Alhaji ne da bakinsa ya gayyato shi tun da asuba, ya ce ya zo bayan la'asar ya sha furar hannu, ya sa wa yarinya albarka. Turmi ya mantar da shi.

Umma ta miƙe a firgice tana nuna ƙarƙashin gado da ido. A tura ƙyaure, a jefa takalmi a buhu, turmi ga shi nan sabo, ai ko yanzu a ce daka za a fara.

Takun Malam na matsowa, sandarsa na taɓa siminti.

Hajjo ta ɗaga hannu sama ta riƙe, idonta a kan jikarta, tana jira.

Nuriyya ta dubi babanta. Yana durƙushe, hula a karkace, shadda ta yi baƙi a gwiwa. Ya dubi labule, ya dubi uwarsa. Sai ya ƙara danna tafukansa a kan ƙyauren.

"Kak ki tsaya," ya ce.

Ta sauke diddige. Dum.

Ya ɗaga murya, muryar kuma ba ta rawa ko kaɗan.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Yaya. Hura babu. Taho ka ga abin da ɗiyata ta iya."

Labulen ya ɗaga.